Ƙofar da Jibo ke Karyawa

Tsohuwar roka, motar ɗaukar kaya ta marigayi Alhaji Sadi, ta shigo garejina a Talata Mafara, ƙofar direba ɗaure da igiya kamar an kamo akuya. Jibo ne a kan sitiyari, shi ke tuƙa ta tun ina rarrafe. Bai gama fitowa ta ɗaya ƙofar ba sai ga Hajiya Taibatu, matar marigayin, wadda motar ta dawo hannunta. Tana huci.

"Rilwanu, duba abin ga," in ji ta. "Notin hinji sun sake karyewa. Kullum ƙohwa, kullum ƙohwa! Mutumen ga ya tsuhwa, buga ta shikai kamar suna faɗa. Gyara, ya kwaso albasag ga ta Bakolori, in ya dawo ya kawo mani makulli. Ɗan ƙanena zan ba."

Jibo ƙato ne, ya kusa cike ƙofar garejin, amma sai ya sunkuyar da kai. Ya ba ni tausayi, ya kuma ba ni haushi. Mutum za a raba shi da abin da ya sani a duniya, ko bakinsa ba zai buɗe ba?

Na kwance igiyar, muka sauke ƙofar ƙasa. Notin hinjin sama ne suka guntule, gindinsu ya maƙale cikin ƙarfe. Na jiƙa su da kananzir da baƙin mai. Na ɗora wani noti a kan kowane guntu, na ɗiga masa walda, na bari ya huce, sannan na sa sufana ina lallaɓawa, gaba kaɗan, baya kaɗan. Ɗaya ya yi mini taurin kai har sai da na sake gasa shi. Da suka fito na zuba su a tafin hannu ina juyawa.

Ni kuwa ina da wannan cuta, in abu ya karye sai na san dalili. Mai buga ƙofa, wurin kulle yake lalatawa, na nan kuwa lafiya lau. In ramukan hanya ne, me ya hana su taɓa ƙofar fasinja, wadda notinta tun na zamanin Alhaji ne? Guntayen nan duk sun lanƙwashe ƙasa kafin su karye. Wani nauyi ne ke rataya a ƙofar nan tana buɗe.

"Baba Jibo, mi kaka ratayawa ga ƙohwag ga?"

"Ni? Ba ni rataya komi."

Na ɗaura sababbin noti, na mayar da ƙofar, na wanke hannu na haye kujerar fasinja. Na ce gwaji zan yi.

Ba mu fita gari ba na fara ganewa. Wani dattijo na zaune gindin bishiyar bedi. Jibo ya taka birki, ya buɗe ƙofa, ya sa ƙafa ɗaya a matakala, ya kama saman ƙofar da hannu biyu, ya saki jikinsa ƙasa ya rusuna.

"Malam, an wuni lahiya? Ina gajiya? Ina iyali? Ya ƙarhin jiki? Ya munka ji da ruwa?"

Hinjin sama yana kuka, sabon aikina ne fa.

"Baba, ba ga taga nan ba?"

Ya dube ni kamar na zage shi. "In gaida babba ta taga? Burodi nika saidawa?"

Haka muka yi ta yi, ga limami, ga mai unguwa, ga tsohuwa mai fura. Da muka ɗauko albasa sai ya ratse ta hanyar Garbadu, ko da yake ba ita ce mafi kusa ba. Wajen maƙabarta ya tsaya, babu kowa a wurin. Ya buɗe ƙofa, ya rataya, ya yi sallama, ya daɗe yana addu'a a hankali. Duk gaisuwar da ya yi ranar, babu wadda ta kai wannan tsawo. Sai a lokacin na tuna a nan aka rufe Alhaji Sadi.

Da la'asar na raka shi gidan Hajiya. Ya miƙa makulli da hannu biyu, ta karɓa. Ni kuma na zube mata guntayen noti a kan tabarma, na faɗa mata abin da na gani, har da maƙabartar. Na ce in ta yarda, zan yi masa mariƙi da walda a jikin motar, ya riƙa kamawa ya bar ƙofa ta huta.

Ta daɗe tana kallon guntayen.

"Jibo, kullum kaka tsayawa can?"

"Duk randa mota taf fita, Hajiya. Motar Alhaji ce. Ba ta wucewa bai gan ta ba."

Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Can ta miƙa wa Jibo makullin.

"Rilwanu, sa mashi ƙarhe mai kauri. Kai kuma Jibo, gobe in ka tsaya, ka ce ina gaishe shi."