Kokowa a Bangon Majami'a

Ran Lahadi da safe, ordinatar majami'ar unguwar Banifandou, wato kwamfutarsu, ta ƙi buɗe fuskarta. Dattijo Natanayel ya kunna, ya kashe, ya sake kunnawa. Maimakon akwatin nan da ake rubuta suna da kalmar sirri, sai baƙin ekaran da ɗan farin layi yana ƙyaftawa. Ga majigi a haɗe, saboda haka baƙin nan ya cika bango, daidai inda baitocin waƙa ya kamata su fito.

Natanayel mutumin Dogondoutchi ne, mai kaifin baki. Shi ne ya tsaya gaban jama'a bara ya ce kokowar gargajiya layu ce da tsafi, kuma Kirista ba shi da abin kallo a cikinta. Da abu ya lalace, bai tsaya tunani ba ya juya kan shugaban mawaƙa.

"Daniyel, kai ka taɓa ta jiya. Me ka zuba mata?"

"Waƙoƙin yau kawai na sa, Baba."

"Kawai! Daga yau hannunka ya fita daga kanta."

Daniyel magidanci ne mai ƴaƴa, aka faɗa masa haka gaban mawaƙansa. Ya haɗiye, ya koma benci.

Aka kira Rebeka, ƙanwar matar Natanayel, wadda ke koyar da ordinata a makarantar lise. Ta ja kujera tana dariya.

"Mijin yaya, ka yi mata wa'azi ne ta suma?"

"Gyara, ki bar surutu."

Ta duba waya, ta duba kuran, wato wutar lantarki, duk lafiya. Ta danna maɓallai uku tare, sai rubutu ya fito a baƙin ekaran yana neman suna. Ta shiga ta nan, ta rubuta gajeren umarni, lambobi suka jeru a bango.

"Ba ta mutu ba, ƙoshi ne. Diskin ya cika maƙil. Idan babu ko ɗan wurin da za ta ajiye ƙafa, fuskar shiga ba ta tashi. Bari mu ga wa ya cinye wurin."

Natanayel ya ɗauke ido daga bangon. Ya sani. Tun da aka gama gasar kokowar takobi ta ƙasa yake zuwa da kile ɗinsa na USB idan babu kowa, yana juye bidiyon karawar cikin ordinatar, domin ekaran ɗin wayarsa ya yi masa ƙanƙanta. Jiya da yamma ya ƙara na ƙarshe. Ya sa wa jakar da yake tara su suna Wa'azi.

"Wa'azi ne ya fi komai nauyi," in ji Rebeka. "Fasto, ashe haka kake da tsawo?"

Ta buɗe. Sunaye suka gangaro a bango da manyan fararen haruffa: kokowa Dosso, kokowa Tahoua, karon ƙarshe. Dariya ta fara daga bencin baya. Matar Fasto ta juya.

"Haba Daniyel! A ɗakin Ubangiji?"

Da suna ɗaya kowa ke shiga ordinatar, babu abin da zai nuna mai laifi. Daniyel ya ɗago ya dubi Natanayel, ya mayar da kansa ƙasa. Ashe ya daɗe da sani, kuma ya rufa. Mutumin da ka kunyata ya rufa maka asiri, wannan ya fi mari zafi.

"Nawa ne," in ji Natanayel.

"Me ka ce, mijin yaya?"

"Na ce nawa ne! Ni na zuba. Daniyel bai san komai ba... ya sani, amma ba shi ba ne."

Ba wanda ya yi dariya yanzu. Rebeka ta rubuta umarnin gogewa, ta janye hannunta, ta tura masa maɓallan. Ya danna da kansa. Ta sake kunna ordinatar, akwatin suna da kalmar sirri ya fito a bango kamar ba a yi komai ba.

Da Rebeka ta tashi, Natanayel ya riƙe bayan kujerar.

"Daniyel, zo ka zauna. Ka yi haƙuri."

Daniyel ya zo ya zauna, ya buɗe waƙar farko. Natanayel ya wuce kujerun dattawa, ya je can bencin ƙarshe kusa da ƙofa. Har aka gama sujada bai ɗaga ido ya dubi bangon ba.