Babbar Tukunyar Mazalo

"Dakata da tuƙin nan. Kin ji abin da na ji?"

Maƙwabciyata Mazalo ba ta dakata ba. Tana tsaye a kan turmin da ta kife a gefen murhu, ta riƙe muciya da hannu biyu tana juya ƙullun tsiron dawa, tururi ya rufe mata fuska.

"Itace ne yake fashewa, Yaya Hodalo," ta ce.

Ba itace ba ne. Shekara ashirin da biyu ina dafa cukutu, burkutunmu na dawa, a bayan kasuwar Ketawo. Na san ƙarar itace, na san ta yumɓu. Wannan siririya ce, ƙas, kamar an karya tsinke. 

Uwar Mazalo ta rasu da damina. Tsohuwa ce da ta ga jikoki, don haka sai a watan biyu na shekara za a yi mata babban makoki da kiɗa da rawa, kuma abin shan taron yana wuyan Mazalo, don ita kaɗai ce 'ya mace. Tsiron da ta fara jiƙawa ya yi fumfuna ta zubar. Kafin na biyu ya bushe a niƙo shi, saura kwana biyar. Kwano arba'in ta niƙa, tukwanenta kuwa uku ne, kowace kwano shida take ɗauka.

Ta zo aron nawa. Ni kuwa, da bakin nan nawa da ba ya zama lafiya, na ce suna da aikin ranar kasuwa. Har na ƙara da cewa, "Ke da za ki shayar da gari guda, ki sayo babba mana." Da wasa na faɗa. Washegari sai ga maza huɗu sun shigo da tukunyar da ta kai mata ƙirji.

Kowace mai dahuwa ta san abu biyu. Ba a sayen tukunyar da ta wuce ƙugun mai ita, don sai ƙafarki na ƙasa za ki iya ja da baya. Sabuwar tukunya kuma ba a haɗa ta da babbar wuta sai an yi kwana uku ana ɗumama ruwan dusa a ciki, har yumɓun ya saba. Mazalo ta san wannan sarai, kwanakin ne ba ta da su.

Na zagaya bayan murhun na duƙa. Ga shi nan, siririn layi mai duhu daga wuyan tukunyar har cikinta, yana tsattsafo da gumi.

"Sauko, Mazalo. Ta tsage. Mu janye wutar, mu kwashe a nawa."

"Au, yau sun samu sarari?"

"Ki zage ni daga baya. Sauko tukuna!"

"In na saki muciyar nan ƙullun zai kama ƙasa ya ƙone. So kike mutane su sha ɗaci a makokin uwata?" Ta share ido da kafaɗa. "Je ki kawo su. Ina nan ina juyawa, ba za ta ci amanata a minti biyar ba."

Mijinta Kpacha ya tafi sayo akuya, babu wanda zai taya ni janyo ta. Na tsaya ina kallon ƙafafunta a kan turmin, babu ko takalmi, tsakaninsu da layin nan bai kai kamu ɗaya ba. Da na sani, da na fizgo ta da ƙarfi. Amma sai na ruga gida.

Ina ɗauke da tukunya ta biyu na ji babbar ta fashe a bayan katanga. Ba wata babbar ƙara ba ce, fus kawai, sai wuta ta yi tsuwa. Bayan haka na ji muryarta. Ba zan kwatanta ta ba.

Na tarar da ita a ƙasa, ƙullu mai tafasa ya lulluɓe ta daga ƙugu zuwa yatsu, ya manne da zaninta. Na juye mata randa biyu ta ruwa ina ihu, har aka zo da mota aka kai ta asibiti.

A rana ta biyu ta ce mini, "Kin san abin mamaki, Yaya? Ƙafafun ba sa ciwo ko kaɗan."

Na dubi ma'aikaciyar jinyar da ke canza mata ledar ruwa. Matar ta kawar da kai, ta ci gaba da aikinta. A nan tsoro na gaske ya kama ni, don na san ƙunar da ba ta ciwo ita ce wadda ta ci nama har ciki.

"Makokin fa?" in ji Mazalo. "Kada Kpacha ya ɗaga shi. Uwata ta jira tun damina."

Na koma unguwa na bi gida gida. Kowace mai dahuwa ta fito da tsiron da ta tanada don kasuwa, muka jera murhu a tsakar gidana. Duk lokacin da wani itace ya fashe a wuta, sai na zabura na saki muciya. Ba wadda ta yi mini dariya.

Ranar makokin, da aka fara kiɗa, na cika ƙaramar gora na hau babur zuwa asibiti. Fuskarta ta kumbura har idanunta sun shige, numfashinta yana fita guntu guntu. Kpacha yana zaune a bakin ƙofa, ya haɗa kai da gwiwa.

"An sha?" ta tambaya.

"Ana ta sha. Har da mutanen ƙetaren rafi."

"A tukunya nawa?"

"Goma sha ɗaya."

"Ƙanana," ta ce, kamar za ta yi dariya.

"Mazalo, da na ba ki nawa tun ranar da kika zo..."

"Zuba in ɗanɗana."

Na zuba a ƙoƙo, na fara kurɓa kamar yadda mai dahuwa take yi, sannan na tsoma yatsa na shafa mata a leɓe. Ta daɗe tana motsa baki.

"Kin cika wuta, Yaya," ta ce. "Kullum sai kin cika wuta."

 Kafin rana ta karkata, ma'aikaciyar ta zo ta taɓa wuyanta, ta ja mayafi ta rufe ta, ta fita kiran Kpacha.

Na zauna ni kaɗai a gefen gadon. Ƙoƙon yana ƙasa inda na ajiye shi. Cukutun bai gama tashi ba, ƙananan kumfa suna ta haurowa daga ƙasa suna fashewa ɗaya bayan ɗaya, kuma a duk ɗakin su kaɗai nake ji.