Reshen da Ya Tare Taga

Wani dare wani dattijo mai gyaran agogo ya ji kamar ana goga farce a gilashin tagarsa, ƙiii, a tsaya, a sake. Da ya haska fitila, sai ya ga reshen mangwaron maƙwabci ne ya tsallako katanga.

Shekara talatin teburinsa na ƙarƙashin tagar nan. A da, hantsi na yi rana za ta cika teburin, ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya zuba ƙusoshin agogo masu kama da ƙwayar yashi. Bana kuwa hasken bai fi tafin hannu ba, kuma yawo yake yi. Dattijo ya riƙa jan tebur yana bin sa, har ƙafafun teburin suka ci siminti. Agogo uku ya mayar wa masu su ba gyara. 'Yarsa ta ce in aikin ya gagara, ya rufe ɗakin, shi da tsohuwa, matarsa, su koma wurinta.

Maƙwabcin nasa mai gadi ne, da rana yake barci a gindin bishiyar.

"Reshe ɗaya kawai nake roƙo ka sare," in ji dattijo.

"Haba Baba, reshen nan shi ne mayafina. Ka kunna lantarki mana."

"Lantarki maƙaryaci ne. Ƙusa ɗaya sai ya ba ta inuwa biyu."

"To ka ɗauki ta tsakiya!"

Wata biyu ana wannan jan, har gaisuwa ta koma ɗaga hannu. Ran nan dai mai gadi ya gaji da ganin dattijo tsaye a bakin katanga, ya aro zarto ya hau.

Reshen ya faɗi rim. Haske ya kwararo ɗakin gaba ɗaya.

"Ashe haka bangon nan ya yi dauɗa!" in ji tsohuwa.

Dattijo ya zauna, ya maƙala gilashi a ido, ya ɗauki hantsaki. Ƙusar ta kuɓuce masa. Ya sunkuya, ya goge gilashin, ya sake sunkuyawa. Daga baya ya ajiye hantsakin, ya shiga lalube da yatsa. Tsohuwa na tsaye a bakin ƙofa, daga can tana hango ƙusar kusa da babban yatsansa, tana ƙyalli a rana. Ta juya ta kama gyaran labule.

Mai gadi ya leƙo ta saman katanga, garin itace ya cika masa gashi.

"Baba, yaya? Yanzu kana gani?"