Ido a Cikin Laftof ɗin Zenabu

Sadiƙ mutumin Damagaram ne, amma ya daɗe a unguwar Nima har 'yan unguwa sun daina kiran sa baƙo. Gyaran kwamfuta yake yi. Shagon yana bakin babban titi, tsakanin mai facin taya da wata mai sayar da wakye, wato shinkafa da wake, kuma su biyu suka haɗa hannu suka buɗe shi, shi da Iddi, haifaffen Maamobi da ke maƙwabtaka da Nima, wanda ya girme shi kuma kowa ke kira Masta. Iddi ne mai baki da jama'a, Sadiƙ kuwa mai haƙurin zama. Da katako suka raba shagon. Gaba teburin Sadiƙ ne, inda ake karɓar kaya. Baya ɗan ɗakin Iddi ne mai fanka, inda yake kula da kwamfutocin wata makaranta daga nesa, ta wata manhaja da ke ba shi damar shiga na'urar wani ya gyara ba tare da ya taka ƙafa wurin ba.

Ƙazanta ba sabon abu ba ce a wannan aiki. Sadiƙ ya sha kwance kwamfuta kyankyasai su watso masa a hannu, ya sha kankare busasshen man ja daga tsakanin madannai. Sai ya kaɗe, ya wanke hannu, ya zaro filas ɗinsa na kwamfuta mai ɗauke da ƙananan manhajojin gyara, ya ci gaba da aiki.

Ranar wata Talata da hantsi Zenabu ta shigo rungume da laftof. Abaya da mayafai take sayarwa ta intanet, a laftof ɗin take tara hotunan kayanta.

"Malam Sadiƙ, abin nan zai kashe ni," ta ce. "Nauyi kamar an ɗaura masa dutse. Fanka na ta ihu, data kuma in na saya da safe kafin la'asar ta ƙare. Wani lokaci ma 'yar fitilar nan ta sama sai ta kunna kanta."

"Wace fitila, Anti?"

Ta nuna masa gefen kyamara da farce.

"Kin taɓa kai shi gyara?"

"Nan na kawo shi kafin sallar layya. Ba ka nan, Masta ne ya duba."

Ya ce ta dawo bayan la'asar. Ya fara da abin da ya saba: ya sa manhajar share tarkace, ta kwashe abin da ta kwashe, nauyi bai ragu ba. Ya sa mai farautar bairos, ta zagaya ta ce lafiya lau. Sai ya buɗe wata 'yar manhaja da ke nuna duk abin da ke tashi tare da kwamfuta idan an kunna ta, har waɗanda ke ɓoye kansu. A can ƙasa ya ga wani abu mai suna kamar na sabunta firinta. Zenabu ba ta da firinta.

Ya bi shi har inda yake zaune a cikin faifai. Suna kawai aka sauya masa. Manhajar nan ce ta kula da kwamfuta daga nesa, irin wadda Iddi ke yi wa makaranta aiki da ita. An saita ta ta tashi shiru, kada ta nuna alama, kada ta nemi izinin mai laftof, an kuma buɗe mata kyamara da makirufo. Asusun da take kai rahoto gare shi sunan shagonsu ne.

Sadiƙ ya daɗe yana kallon sunan. Ya yi ta nema wa abin uzuri, ko mantuwa ce, ko gwaji aka yi ba a cire ba. Amma mai mantuwa ba ya sauya wa abu suna. Daga bayan katako yana jin dariya ƙasa-ƙasa. Mahama ne, direban trotro, ƙaramar bas ta haya, abokin Iddi, wanda kwanakin nan ya mayar da ɗakin wurin cin abincinsa. Sadiƙ ya tashi ya tura ƙofa bai yi sallama ba.

Suna zaune kafaɗa da kafaɗa, ganyen wakye a shimfiɗe a kan tebur, hannuwansu jage-jage da shito, soyayyen yajin nan mai mai. A kan allon kwamfuta ɗakin wata mata ne, kai tsaye. Nafisatu ce, malamar Islamiyyar layin masallaci, wadda aka yi wa tiyata wajen haihuwa kwanan baya. Tana zaune a bakin gado da ɗaurin ƙirji, kanta babu ɗankwali, wata tsohuwa ta durƙusa tana wanke mata ɗinkin ciki. Tana cije leɓe don zafi. Ta bar laftof ɗinta a buɗe karatun Alƙur'ani na tashi, kuma karatun na fitowa har nan cikin ɗakin Iddi.

Mahama na nuna allon da ƙashin kifi, shinkafa na faɗowa daga bakinsa.

Sadiƙ ya kau da kai, amma ya riga ya gani. Ya miƙa hannu ya fizge wayar wuta daga bango.

"Kai, cale, abokina, mene haka?" in ji Iddi. "Ka san yana ɓata faifai."

"Masta, mene ne wannan?"

"Rufe ƙofa tukuna." Iddi ya lashe babban yatsansa. "Kallo ne kawai. Ban taɓa kowa ba, ban tura wa kowa ba. Wa ya ce su bar laftof a buɗe?"

"Amana suka kawo mana. Matar nan jego take yi."

"To sai me? Ya rage shi da wani abu? Bai ma sani ba." Haka Iddi ke magana, mace da namiji duk ɗaya a bakinsa, irin ta 'yan unguwa.

"Matan su nawa ne?" in ji Sadiƙ.

Mahama ne ya yi dariya ya ce, "Malam, wannan ai ba komai. Da ka ga na daren..." Iddi ya taka masa ƙafa.

"Bari in faɗa maka," in ji Iddi, muryarsa ta sauka. "Sunan shago ne a kai, ba sunana ba. Ni da kai ne shago. Ni a nan aka yanke mini cibiya, kai daga ina ka zo? Wa za a yarda da shi? Kuma in maganar ta fita, matan za ka kashe wa aure. Mazan unguwar nan ba za su tambayi yadda aka yi ba."

Ya gama faɗa ya mayar da hannu cikin wakye. Wannan ne Sadiƙ ya kasa jurewa. Ya fita waje, ya tsaya bakin gwata yana tofar da yawu. Warin ruwan baƙin nan da ya saba toshe wa hanci, ranar bai dame shi ba. Mai wakye ta tambaye shi ko a zuba masa kamar kullum, ya girgiza kai.

Bai koma ɗakin baya ba. Ya ɗauko laftof ɗin Zenabu ya zauna a benci wajen mai faci. Bai cire manhajar ba tukuna, intanet kawai ya yanke mata, ya manna takarda a kan kyamara. Maganar Iddi ta ƙarshe ce ke cin sa, don akwai gaskiya a ciki.

Da Zenabu ta dawo, ya ja ta gefe ya nuna mata komai a kan allo, da sunan ƙarya, da sunan shago. Ta saurara ba ta katse shi ba. Sai ta ce, "A ɗakina yake kwana a buɗe. Fim nake kallo har barci ya ɗauke ni."

Sai ta juyo gare shi.

"Kai ma ka kalla?"

"Naki ban gani ba, wallahi. Na wata na gani, ba da son raina ba."

Ta dube shi daga sama har ƙasa, irin kallon da ake yi wa abin da aka taka a hanya. Bai ji haushi ba, shi ma haka yake jin kansa. Da ya miƙa mata laftof ɗin ba ta karɓa da hannu ba, da gefen mayafi ta naɗe shi.

"Kada ka faɗa wa namiji ko ɗaya," ta ce. "Tashi mu je wajen Mma Sala."

Mma Sala ce magajiyar matan layin, dattijuwa mai sayar da goro, wadda babu suna ko rasuwar da ake yi ba ita a gaba ba. Ta saurare su a tsakar gidanta tana jiƙa ganyen goro. Da Sadiƙ ya zo kan abin da ya gani, ta ɗaga hannu.

"Kada ka kama suna, ɗana. Ni ma ba na son sani. Abin da idonka ya gani, ka shiga kabari da shi." Ta tofar da jan yawu a ƙasa. "Iddi. Ni na yi masa wankan jarirai. Tir."

Washegari ta aika a gaya wa mata cewa wata cuta ta shiga kwamfutoci, duk wadda ta taɓa kai tata shagon bakin titi ta kawo gidanta a duba kyauta. Suka zo, wasu da laftof ɗin 'ya'yansu, wasu da na mazajensu. Sai da aka rufe ƙofar gida sannan Mma Sala ta gaya musu gaskiya. Tsakar gidan ya kaure da salati da yaren Twi da Hausa a haɗe. Wata ta ruga bayan gida ana jin kakarinta.

Sadiƙ ya zauna a kan tabarma, ya juya allo ya fuskanci mai kaya, yadda duk abin da ya taɓa tana gani. Ba duka ke da abin ba. Na tsofaffi da na maza kusan duk lafiyarsu lau. Iddi zaɓa yake yi. Duk wanda aka samu, sai Sadiƙ ya ɗauki hoton allo da wayar Zenabu, ya tumɓuke manhajar, ya sake bincikawa, ya sa mai shi ta sauya kalmomin sirrinta ya kau da kai.

Nafisatu ta zo a hankali, dafe da ciki, ƙanwarta na riƙe da jariri.

"Malam, nawa ma akwai?"

"Akwai, Malama."

"Na gode da ka faɗa," ta ce. "Allah ya saka maka."

Ya sunkuyar da kai kan madannai. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Magana ta kai kunnen kawun Iddi, ya zo wajen Mma Sala kafin magariba, da babbar riga da carbi, yana cewa a rufa asiri, yaro ne ya yi kuskure, za a ja masa kunne a gida. Mata da yawa ma haka suka so, don tsoron abin da zai biyo baya. Zenabu ce ta ƙi. Ta ce yaron da ya haura arba'in ba yaro ba ne. Ta ɗauki wayarta da hotunan allo ta tafi wajen 'yan sanda, ta ba da sunanta ita kaɗai, Sadiƙ ya bi ta ya ba da shaida. Aka zo aka ɗauke kwamfutar ɗakin baya. Iddi ya kwana a hannu, aka yi belinsa, maganar kuma har yanzu tana gaban kotu, ana ta ɗagawa.

Shagon bai sake buɗewa ba. An ce Iddi ya koma kasuwar Circle yana sayar da wayoyi. Sadiƙ ya kwashe kayan aikinsa ya kama ɗan tebur a unguwar Madina, can nesa da Nima, kullum sai ya hau trotro. A majalisun samari na Nima wasu na cewa hassada ce, baƙo ne ya so cinye shago shi kaɗai. Wasu kuma har tare shi suke yi suna murmushi, suna tambaya a ɓoye wai su wa da wa aka gani. Waɗannan sun fi ba shi ƙyama. Zenabu kuwa ta rasa masu sayen kaya da dama, don sunanta ne kaɗai ya fita. Tana gaishe shi idan sun haɗu, amma ba ta sake kawo masa gyara ba, kuma bai ga laifinta ba.

Wata Juma'a ya makara, ya samu wuri a sahun waje, kan titi. Ana tayar da iƙama wani ya matso ya haɗa kafaɗa da shi, ya danna ƙafarsa jikin tasa. Mahama ne, cikin farar jallabiya, yana ƙamshin turare. Shi ba wanda ya kira shi gaban 'yan sanda ko kotu. Sadiƙ ya yi sallar nan bai san abin da liman ya karanta ba. Da aka sallame, Mahama ya juyo da fara'a ya miƙo hannu.

"Malam Sadiƙ, kwana biyu. Ya aiki?"

Mutane na kallo. Sadiƙ ya ba shi hannu. Tafin Mahama da ɗumi, da danshin gumi, ya kuma riƙe shi ya daɗe yana girgizawa. Da ya sake shi, Sadiƙ ya naɗe dardumarsa da hannun hagu, ya ratsa jama'a ya je wajen butoci. Ya tsuguna ya wanke hannun, ya ɗebi ƙasa ya cuɗa, ya sake wankewa har butar ta ƙare. Wani tsoho da ke kusa ya ce masa, "Ai an idar da salla, ɗana."

"Na sani, Baba," ya ce. Ya jawo wata butar.