Direban da Ya Daina Ganin Hanya

Tun yana saurayi Rabo ke jan bas tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi, ga shi yanzu furfura ta cinye gemunsa, layin bai canza ba. Da can mutum ne mai surutu, ya san wanda ya yi sabon rufin kwano a kowane ƙauye na hanyar. A hankali aikin ya fita ransa. Ya daina kunna rediyo, ya daina tanka hirar fasinja. In ya kama sitiyari hannu ne ke aiki, hankalinsa kuwa ko shi bai san inda yake zuwa ba.

Wata safiya cikin damina, bayan an kwana biyu ana tafka ruwa, ya kashe mota a tashar Kurfi, sai ya ga bai tuna komai ba tun fitowarsa daga Dutsin-Ma. Ba ranar ya fara ba, don haka bai damu ba. Fasinjoji suka watse, amma Hajiya Zinariya, mai sayar da man gyaɗa da ta daɗe tana bin motarsa, ta tsaya bakin taga.

"Rabo, lafiyarka kuwa?"

"Lafiya lau, Hajiya. Me kika gani?"

"A kwalbatin nan na tsakanin gonakin dawa, motar ta nutsa ta taso har jarkata ta kife. Duk muka ɗauki salati, kai ko birki ba ka taɓa ba. Na leƙa fuskarka ta madubi, idonka biyu, amma wallahi kamar ba kowa a ciki."

Ta ɗauki kayanta ta tafi. Rabo ya zauna yana juya maganarta a ransa.

Sai bayan la'asar layin komawa Dutsin-Ma ya zo kansa. Hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, iska ta ɗauke. Ya ja motar a hankali, yana kallon hanya kamar baƙo. Da ya hango kwalbatin ya tsaya nesa da shi, ya sauko.

Wata siririyar tsaga ce ta ratsa kwalta daga gefe zuwa gefe. Ya riƙe ciyawa ya gangara ƙasa. Jan ruwa na wucewa da gurnani. Ya ɗaga kai ya duba. Ruwa ya kwashe ƙasar da ke gefen kwalbatin kaf, ya bar kogo da mutum zai tsaya a ciki. Kwaltar kaɗai ke rataye a sama, kamar ƙanzon tuwo.

Ya hauro ya gitta bas ɗin ta tare hanya. Wani ma'aikaci cikin fasinjojinsa mai suna Gidiyon, da ke sauri ya koma gari, ya leƙo.

"Direba, yanzu fa wata mota ta wuce lafiya."

"Ni ma na wuce da safe, yallaɓai. Sauko ka gani."

Kafin Gidiyon ya sauko suka ji ƙugin babbar mota daga ɓangaren Dutsin-Ma, maƙare da siminti, tana gangarowa da gudu. Rabo bai yi shawara da kowa ba. Ya ruga ta kan kwaltar, yana jin ta tana motsi ƙarƙashin takalminsa, ya tsallake, ya tuɓe riga yana kaɗawa a tsakiyar titi. Motar ta ja birki da ƙara, ta tsaya dab da shi. Direban ya diro yana zagi.

Yana cikin zagin ruwa ya kece. Sai aka ji ƙasa ta yi wani nishi, rabin titin ya rufta, ruwa ya tafi da shi.

Bas ɗinsa ta rage a can tsallake, wani abokin aikinsa ya zo ya mayar da fasinjojin zuwa Kurfi a cikinta. Shi kuwa a bayan babur ya koma gida. Matarsa Rahamatu ta ajiye masa tuwo, ya kasa kai loma baki.

Washegari ya sami shugaban tasha, Alhaji Rabi'u.

"Alhaji, in na ci gaba a yadda nake, zan kashe mutane. A riƙa canza mini layi, a kuma haɗa ni da sababbin direbobi in nuna musu hanya. In ina bayani hankalina ba zai ɓace ba."

Alhaji ya amince.

Na farko da aka ba shi wani magidanci ne, Ummaru. Suka fita ta wata hanyar da Rabo bai saba bi ba, yana magana tun daga tasha, yana nuna kwana da rami. Da suka zo wani ƙaramin kwalbati ya sa Ummaru ya tsaya, suka gangara tare. Ummaru ya tura hannu gefen simintin, ƙasa ta zubo masa har gwiwar hannu.

"Malam Rabo," ya ce a hankali, "wannan ma ya fara."