Daƙiƙa Goman Mai Agogo

Shagon Mai Agogo taku huɗu ne a tsaye, uku a kwance. Teburin gyara yana bakin taga, cike da gwangwanayen ƙananan sukurori. Allon ces na katako, wasan nan mai sarki da sarauniya da dawaki, yana kan wata kujera marar majingini. Shekara ashirin da shida Mai Agogo ne ke zama a allo na ɗaya, wurin babban gwani, duk lokacin da ƙungiyar layinsu za ta kara da wata. Ba a taɓa yin zaɓe a kai ba.

Bana gasar ta koma waya. Kowa zai zauna inda yake, a buga ta intanet. Cikin wata guda Mai Agogo ya buga wasa talatin da ɗaya a wayar da 'yarsa ta saya masa. Huɗu ya ci.

Mai gyaran waya na tsallaken titi, wanda ake kira Injiniya, shi ya ɗauko maganar. Ya zo da Kyaftin, tsohon direban jirgin ƙasa da ke shugabantar ƙungiyar.

"Ba raini ba ne, Baba," in ji Injiniya daga bakin ƙofa. "Makina a wasan waya ya haura dubu da ɗari takwas. Kai kuwa waya ta haɗa ka aji ɗaya da 'yan koyo. In ka zauna a allo na ɗaya, da mu za a yi shara."

"Na ji," in ji Mai Agogo. Bai ɗaga kai daga agogon da ya buɗe ba.

Kyaftin ya yanke hukunci. Wasa ɗaya, ranar Asabar da hantsi, ta waya. Wanda ya ci shi ne a allo na ɗaya. Za a bi dokar gasar: mai aika gayyata shi ke zaɓar lokaci, abokin karawa ya amince ko ya ƙi. Babba ne zai aika.

Ranar Alhamis Auta ta biyo shagon da ta tashi aiki. Ita ce ƙaramar 'yarsa, a ɗakin gwajin jini take aiki. Ta karɓi wayar ta duba wasannin ɗaya bayan ɗaya. Cikin ashirin da bakwai da ya faɗi, ashirin da huɗu lokaci ne ya ƙare masa. A yawancinsu ma shi ke kan gaba.

"Baba, wa ya zaɓa maka minti biyar?"

"Shi na tarar a gaba, na danna."

"Mai gyaran agogo, agogo na cin sa da rana tsaka."

"Ki iya bakinki."

Ta ce ya buga ɗaya tana kallo. Ya buga. In abokin karawa ya motsa, sai ya kawo wayar dab da hancinsa, ya gano abin da aka tura, ya tura irinsa a allon katako. A katakon yake tunani, a nan yake fara motsa nasa. Sannan ya goge yatsa a riga, ya koma neman gidan a kan gilashin wayar. Auta ta ɗauki wani agogo a kan tebur ta auna. Daƙiƙa tara kowane motsi ke ci, jigila kawai, ban da tunani.

"Ka bar katakon nan mana."

"A gilashi ba na ganin wasa. Hoto nake gani."

Ba ta ja da shi ba. Ta buɗe wurin aika gayyata ta nuna masa layi biyu. Na sama shi ne mintunan da kowa zai fara da su. Na ƙasa kuma daƙiƙun da ake ƙara wa mutum duk sa'ad da ya yi motsi. Na ƙasan nan nasa a sifili yake tun ranar da aka sayi wayar.

"Mu sa minti talatin," ta ce. "Ka sha iska."

"Su ce an shimfiɗa wa tsoho katifa? A'a. Rage na saman."

"Rage?"

"Mai da shi uku. Na ƙasan ki ba ni abin da hannuna ke ci, kada ki ƙara. Tara kika ce?"

"Babu tara a nan. Daga biyar sai goma."

"To goman."

Ta tambaye shi fari zai riƙe ko baƙi. Ya ce ta bar wa na'ura ta zaɓa. Ta tambaya ko na maki ne ko na sada zumunci. Ya dube ta ta saman tabarau. Ta danna na maki, ta aika.

Ba a yi minti biyu ba Injiniya ya tsallako, waya a hannu, Kyaftin na biye.

"Uku da ƙarin goma? Baba, wannan ai sandar dogarawa ce."

"Kai ma za a ba ka goman," in ji Mai Agogo. "Ni a hanya za ta ƙare mini, tsakanin katako da gilashi. Kai ka yi tunani da taka, in akwai shi."

Kyaftin ya yi dariya har da tari. Injiniya ya danna amincewa a tsaye.

Ranar Asabar Mai Agogo ya janyo ƙofar shago rabi. Kyaftin ya zauna kusa da shi a matsayin shaida. Telan layin ya tafi shagon Injiniya don ya sa ido a can. Auta ta tsaya a bayan mahaifinta bisa sharaɗin ko tari ba za ta yi ba. Na'ura ta ba tsohon baƙi.

Injiniya ya sako wasa kamar ruwan sama. Kafin motsinsa ya gama bayyana a gilashi ya shirya na gaba, lokacinsa sai hawa yake. Na Mai Agogo kuwa yana zuba a hankali. A motsi na ashirin Injiniya na da minti biyar da wani abu, tsohon na da daƙiƙa arba'in. Amma dokin Injiniya ɗaya ya maƙale a gefen allo, ba gaba ba baya, kuma sojojin baƙi biyu sun kafa a tsakiya. Kyaftin ya gyara zama.

A motsi na ashirin da shida Injiniya ya tura hasumiyarsa, wadda ke tafiya a miƙe, gida biyu. Mai Agogo ya leƙa wayar, ya juya ga katako, ya tura ta gida uku.

Auta ta gani. Kyaftin ma ya gani, ya mai da idonsa kan rufi. Ta haɗe hannuwanta a baya ta matse.

Motsi biyu suka wuce lafiya. A na uku Mai Agogo ya ɗauki sarauniyarsa a katako ya kai ta can ƙarshen allo, inda yake ganin ya gama da yaron. Ya goge yatsa, ya ja ta a gilashi. Ta dawo inda take. Ya sake ja, ta sake dawowa. A wasan gaskiya hasumiyar na tsaye a kan hanyarta.

Daƙiƙa goma sha ɗaya.

Ya dubi gilashi, ya dubi katako. Bakwai. Biyar. Ya tura soja ɗaya gida guda, motsin da bai ci komai ba bai kuma ba da komai ba. Agogo ya koma goma sha huɗu.

Bai gyara katakon ba, babu lokacin. Ya sa gwiwa ya ture kujerar gefe. Injiniya ya motsa. Mai Agogo ya kalli motsin sau ɗaya, ya rufe ido. Leɓunansa na motsi kaɗan, a cikin kansa yake kallon allon yanzu. Ya buɗe ido, ya danna, ya sake rufewa.

Haka ya ci gaba. Da jigila ta fita, goman ta fara taruwa. Ashirin. Talatin da biyar. A tsallaken titi kuma motsi ya fara jinkiri. Ta rabin ƙofar Auta na hango Injiniya ya dafe kai, tela na tsaye a kansa ya riƙe ƙugu. Hasumiyar da ta tare hanya ita tsohon ya fara ɗaukewa. Dokin gefe bai taɓa dawowa wasa ba. A motsi na arba'in da ɗaya sarkin Injiniya ya rasa gidan shiga, da minti huɗu a agogonsa da ba su yi masa rana ba.

Mai Agogo ya ajiye wayar a kan tebur. Ya juya.

"Kin ga lokacin da na kuskure?" ya tambayi Auta.

"Na gani."

"Kika yi shiru."

"Sharaɗi ne."

Ya gyaɗa kai sau ɗaya. A wurinsa wannan yabo ne babba, ta kuwa san haka.

Injiniya ya tsallako, tela na bayansa yana ba masu wucewa labari. Ya tsaya a bakin ƙofa.

"Baba, a sake ɗaya."

"Ɗaya aka ce," in ji Kyaftin. Ya zaro takardar jerin 'yan wasa daga aljihu, ya ɗora a gwiwa ya rubuta. "Allo na ɗaya, Mai Agogo. Gayyatar da za mu aika wa ƙungiyar da za mu kara da ita fa, uku da goma zan sa?"

"Sa uku da biyar. Jigila ta ƙare."

Kyaftin ya ɗaga biro ya dube shi. Ya ga ba wasa yake ba, ya rubuta.

Mai Agogo ya janyo kujerar allon da ƙafa, ya fara mai da 'ya'yan wasan inda suke a motsi na goma sha bakwai.

"Shigo ka zauna," ya ce wa Injiniya. "Allo na biyu naka ne, kuma ba na son a ci mu ta nan. Zo ka ga inda ka yar da dokinka."