Tattabarun Baban Samina

Ni na sayar da tattabarun, kada wani ya gaya muku ba haka ba. A lungunmu na tsohuwar Lahore har yau ana cewa wai mijina, Baban Samina, shi ya gaji da su. Ƙarya ce. Mutumin da ya san ranar da aka ƙyanƙyashe kowace ɗaya amma bai san ranar aurenmu ba, shi zai gaji?

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da lissafi a makarantar 'yan mata. Da na yi ritaya, 'yarmu Samina kuma tana gidan mijinta a Multan, sai hannuna ya rasa abin yi. Na ɗauko wata tsohuwar rajista, na ja layi, na ce bari in ga abin da tsuntsayen nan arba'in da uku suke cinye mana a shekara. Gero buhu-buhu. Alkama, masara, wake. Maganin tsutsa, maganin mura, allura sau biyu. Sabuwar ragar waya a jikin akurki, saboda kyanwar maƙwabta ta gano hanya. Sai uwa uba, abincin gasa. In zafi ya shigo aka fara gwada tattabarar wa za ta fi daɗewa a sama, sai a daka musu badam, wata ƙwaya mai tsada kamar gyaɗa, da man shanu, a mulmula ƙanana-ƙanana. Badam ɗin da ni ba na sa wa a abinci sai in an yi baƙo. Kuma wa ke dakawa a ɗan turmin tagulla har kafaɗa ta riƙe? Ni.

Ranar da shekara ta cika na haɗa, na sake haɗawa. Rupi dubu casa'in da huɗu da ɗari bakwai.

"Baban Samina, zo ka zauna."

"Bari in ba su ruwa tukuna."

"Zauna. Ba za su mutu ba."

Ya zauna, ya sa tabarau, ya bi shafin da yatsa kamar yana neman sunansa a jerin waɗanda suka faɗi jarrabawa.

"Ba ki sa kofin da Shehzadi ta ciyo ba," ya ce. Shehzadi ita ce farar da ya fi ji da ita.

"Kofin roba ne aka shafa masa ruwan gwal. Cokula nake zubawa a ciki. Wannan fanshonka na wata uku ne cur, Malam. Injin wankina ya mutu tun bara, ina dirzar rigunanka da hannu, rigunan da su suka ɓata da kashi."

Na shirya wa faɗa, wallahi har na tanadi amsoshi. Sai kawai ya naɗe tabaransa ya ce, "Yadda kika ce." Shekara arba'in ya yi yana buga hatimi a gidan waya, bai taɓa iya musu ba. Haushi ya kama ni, don da ya yi gardama da na fi jin daɗin nasarar.

Mian Sarfraz mai shagon yadi ya saye su duka, dubu saba'in. Soronsa, wato saman gida inda ake ajiye tattabaru, na uku ne daga namu. Kun san dai yadda ake yi a sama: duk soro biyu, ko dai sulhu ne tsakaninsu ko yaƙi. In sulhu ne, tattabarar maƙwabcinka ta sauka a wurinka, kafin magariba ka mayar masa, ya ba ka shayi. In yaƙi ne, muddin ka shigar da ita akurki ka rufe, ta zama taka, ba mai kai ƙara. Baban Samina da Sarfraz shekara talatin suna sulhu. Sarfraz ya fige musu dogayen gashin fiffike don kada su gudo, kafin ya sake fitowa sun saba da sabon gida.

Injin wanki ya zo, fari tas, mai waƙa in ya gama. Na yi murna, ba zan ɓoye ba.

Abin da ban sa a rajista ba shi ne matakala. Daga tsakar gidanmu zuwa saman soro matakala hamsin da biyu ne, kuma mutumin nan sau biyar, sau shida yake hawa a rana, da bokitin ruwa ko da kwanon gero. Yanzu me zai hau ya yi? Ya dasa kujera gaban talabijin, yana kallon manya-manyan maza suna yi wa juna tsawa a kan siyasa. Tumbi ya fito. Wata na uku ya fara tashi sau huɗu cikin dare yana neman ruwa, ƙafa ta kumbura har takalmin masallaci ya ƙi shiga. Likita ya ce suga ce, da hawan jini, ya riƙa tafiya kullum. Na sayo masa takalmin tafiya na dubu huɗu. Ya sa, ya taka har bakin lungu, ya zauna wurin mai shayi yana cin jalebi, alkakinmu na nan, mai ɗiga da zuma. Mai shayin da kansa ya kawo mini rahoto.

Na buɗe sabon shafi. Ganin likita, gwajin jini, ƙwayar safe, ƙwayar yamma, kuɗin adaidaita zuwa da dawowa. Wata biyar, dubu sittin da takwas. Ba sai an koyar da lissafi ba za a san inda wannan ya nufa a shekara.

Amma ba kuɗin ne ya tsorata ni ba. Wata la'asar muna zaune a tsakar gida, garken Sarfraz ya wuce ta sama, fiffike ya riga ya fito. Baban Samina ya ɗaga kai, ya tura leɓe zai yi musu fito, sai ya fasa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na manta." Ya koma kallon ƙafarsa. A nan tsoro ya kama ni sosai, tsoron in wayi gari ni kaɗai a gidan nan, daga ni sai injin wanki.

Washegari da hantsi na yafa mayafi na tafi shagon Sarfraz. Na same shi yana auna siliki.

"Yaya Sarfraz, ka mayar mana da tsuntsayenmu."

"Haba Malama. Ciniki ya faɗa tun yaushe? In na mayar, gobe duk soron da ke garin nan za a ce Sarfraz ya kasa riƙe su. Kuma shi zai karɓa? Kin fi ni sanin mijinki. Ko kyauta na kai masa sai ya dawo da su kafin magariba."

Gaskiya ya faɗa. Ga shi kuɗin ma rabi ya shige inji, rabi ya shige kantin magani. Na tsaya ina kallon yadin da ke hannunsa.

"Tsakanin soronmu da naka, mene ne?"

"Sulhu mana. Shekara talatin."

"To daga yau yaƙi ne."

Sandar awo ta kusa suɓuce masa. "Malama, ai mai soro ne yake ɗaura yaƙi."

"Sunan wa ke kan takardar gidan? Gadon ubana ne. Shi wancan aure ya kawo shi."

Sarfraz ya ja gefen rawaninsa ya toshe baki, kafaɗunsa na rawa don dariya. Da ya samu kansa sai ya haɗe rai, ya ɗaga murya don masu shagon kusa su ji.

"To an ɗaura. Duk wadda ta sauka a soron wani, kada in ji kuka." Sannan ya rage murya, yana naɗe siliki. "Ni dai ƙarfe huɗu nake sakinsu, kafin su ci komai. Ban gaya miki ba. Tawa matar ma ta sayi rajista."

Na biya kasuwa na sayi badam rabin kilo, ko tayawa ban yi ba. Ƙarfe uku da rabi na ɗauki ɗan turmina na fara hawa. Sau uku ina tsayawa, ina tsine wa kakana da ya ga dama ya yi gini kamar zai je gaida farin wata. A sama akurkin na nan, ƙura ta rufe, gorar da yake kaɗa musu tana jingine da tsummanta.

Ƙarfe huɗu suka tashi daga soron Sarfraz, suka fara kewaya. Na ɗauki gorar na kaɗa, suka ƙara yin sama. Na gwada fito, iska kawai ta fita da ɗan yawu. Wata tsohuwa mai shanya a soron gefe ta tsaya kallona, ta ce ko lafiya. Na ce ta ji da zannuwanta.

Sai na zauna dirshan na yi abin da na iya. Na zuba badam a turmi na fara daka. Turmin tagulla yana da ƙara, kuma shekara nawa tsuntsayen nan suna jin wannan ƙarar daga tsakar gida kafin a hau musu da daɗi. Ban yi daka ashirin ba garken ya karkato. Fara ɗaya ta ware, ta sauko ta dira a bakin katanga tana kallona da ido ɗaya. Shehzadi ce. Bayanta sai ga wasu, fir, fir, har suka cika goma sha ɗaya da ita.

To, sauka ba kamu ba ce. Sai an shigar an rufe, ni kuwa in na matsa taku ɗaya sai su matsa biyu. Na leƙa ta saman matakala.

"Baban Samina, tattabaru sun sauka, ban san yadda ake shigar da su ba."

Aka rage ƙarar talabijin.

"Na Sarfraz ne. Kore su su koma, sulhu muke."

"Yaƙi muke tun hantsi."

"Wa ya ɗaura?"

"Mai gidan. Shehzadi na nan, ta rame. In ba ka zo ba ta tashi, ruwanka."

Sai na ji kujera ta yi ƙara, na ji takalmi a matakala ta farko. Na ci gaba da daka a hankali don kada su tashi, ina ƙirgawa a zuci. Bakwai, takwas. A goma sha tara ya tsaya. Ina jin numfashinsa tun daga sama. Ya daɗe, har na ajiye taɓarya, na ce a raina na kashe shi, ni da rajistata. Sai na ji ashirin.

Ya fito yana haki, gumi ya jiƙa riga, ko kallona bai yi ba. Na miƙa masa gorar, ya karɓa ya ce, "Ba haka ake riƙewa ba." Ya yi wani ɗan fito ƙasa-ƙasa, ya watsa badam a ƙofar akurki. Tara suka shiga, biyu suka tsere. Daga can Sarfraz yana tsalle a soronsa yana kiranmu ɓarayi, duk unguwa na ji, Baban Samina kuma ya ɗaga Shehzadi sama ya nuna masa, yana dariyar da rabona da ji tun kafin inji ya zo.

Har yau yaƙi muke da Sarfraz, kuma duk Sallah a shagonsa nake sayen yadi, farashin da ya faɗa shi nake biya.

Da yammar nan na buɗe rajista na rubuta: badam rabin kilo, dubu ɗaya da ɗari takwas. Sannan na ja sabon layi a gefe, na rubuta matakala a samansa, na sa hamsin da biyu. Washegari na sa ɗari da huɗu.